Cinikin Zanen Ginin Da Ba A Taɓa Ginawa Ba

A ranar 26 ga watan Satumba na shekarar 2019, kamfanin gwanjo na Bonhams da ke birnin Landan ya ɗaga wani zanen fentin mai wanda wani Baturke mai suna Osman Hamdi Bey ya yi tun a shekarar 1880. Masu ƙiyasin kamfanin sun sa ran za a saye shi tsakanin fam dubu 600 zuwa dubu 800, amma da aka shiga tayi sai da kuɗin ya kai fam miliyan 6 da dubu 690, har da la'adar kamfanin, kafin a sallama. Gidan adana kayan fasahar Musulunci na ƙasar Malesiya da ke Kuala Lumpur shi ne ya saya. Abin da ke jikin ƙyallen bai wuce wata budurwa da ta durƙusa tana karatu ba, a cikin wani ɗaki mai bangon tayil da taga mai raga. Ba a cika wata guda ba kamfanin Sotheby's, shi ma a Landan, ya fito da zane 40 daga cikin wani tari da ake kira tarin Najd, inda aka tashi da cinikin fam miliyan 33 da rabi a zama ɗaya. Akasarin waɗannan zane-zane na masallatai ne da fadoji da ƙofofin gari da kasuwannin ƙasashen Musulmi, kamar yadda masu zanen ƙarni na 19 suka ga dama suka tsara su.

Ɗan kasuwar da ya saba da hajar da ake aunawa da mudu ko sikeli yana da damar ya tambayi abin da aka saya da wannan maƙudan kuɗi. Amsar tana da ban mamaki, domin da yawa daga cikin gine-ginen da ke cikin irin waɗannan zane-zane babu su a doron ƙasa. Mai zanen ne ya ɗebo ƙofa daga wannan gari, ginshiƙi daga wancan, rubutun bango daga wata ƙasa dabam, ya haɗa su wuri guda ya fitar da ginin da wani magini bai taɓa aza harsashinsa ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne zanen mai wasa da maciji na Bafaranshen nan Jean-Léon Gérôme, wanda ya kammala wajen shekarar 1879. Duk wanda ya dube shi zai rantse hoto ne aka ɗauka a wani zaure na gaske, saboda yadda aka fito da kowane tayil da kowane tsagewar dutse. Masana sun bi diddigi sun gano cewa bangon an kwaikwayo shi ne daga fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya da ke Istanbul, daɓen ƙasan kuwa daga masallacin Amru bn al-As na Alƙahira, wasa da maciji kuma ba al'adar fadar Usmaniyya ba ce. A ɗakin aikinsa na birnin Faris ya haɗa wannan duka. Haka su Ludwig Deutsch da Rudolf Ernst, 'yan asalin Ostiriya da suka zauna a Faransa, suka riƙa yi: sukan yi tafiya su tara hotuna da dardumai da fitilu da makamai da tufafi, su dawo gida su shekara suna juya su a cikin zane bayan zane. Ernst ma bai damu ba ya gwama adon Andalus da na Turkiyya da na Indiya a cikin ɗaki ɗaya. Shi kansa Osman Hamdi Bey, wanda ya yi karatun zane a Faris kuma daga baya ya shugabanci gidan tarihin daular Usmaniyya, an san shi da harhaɗa wuraren zanensa daga hotuna da kayan tarihin da ke hannunsa.

Ta fuskar kasuwanci, Gérôme ya san abin da yake yi. A shekarar 1863 ya auri 'yar Adolphe Goupil, ɗaya daga cikin manyan dillalan zane na Faransa, wanda kamfaninsa yake buga kwafin zane-zanen surukin nasa da yawan gaske yana sayarwa a Turai da Amurka. Ke nan zane guda yana kawo kuɗi sau biyu: attajiri ya sayi na ainihi, ma'aikaci ya sayi bugaggen kwafi ya rataya a ɗakinsa, kuma yawan kwafin shi ke ƙara wa na ainihin suna da daraja.

Amma tarihin farashin wannan zane na mai wasa da maciji ya kamata ya sanyaya gwiwar duk wanda ya ɗauka cewa zane ajiya ce wadda ba ta faɗuwa. A shekarar 1888 wani attajirin Amurka, Alfred Corning Clark, ya saye shi a kan dala 19,500, kuɗi mai nauyi ƙwarai a wancan zamani. Zanen ya bar hannun iyalin daga baya, kuma a shekarar 1942 ɗansa Sterling Clark ya sake sayensa a kan dala 500 kacal. Babu abin da ya sami ƙyallen ko fentin a cikin shekaru 54 ɗin nan. Yayi ne ya wuce, masu saye suka koma ga sabon salon zane, aka riƙa kallon aikin su Gérôme a matsayin tsohon yayi. Wanda ya zuba jarinsa a wannan haja a shekarar 1888 da niyyar 'ya'yansa su ci riba, asara ya bar musu.

Kasuwar ta farfaɗo ne daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya cika aljihun ƙasashen Larabawa. A daidai wannan lokaci ne kuma Edward Said ya fitar da littafinsa na shekarar 1978 wanda ya soki yadda Turawa suka ƙirƙiro wa kansu wata Gabas ta mafarki domin su ji daɗin mallakarta, kuma zanen nan na Gérôme ne aka sa a bangon littafin. Sukar tana da tushe. Duk da haka, mutanen da aka ce an yi wa ƙarya su ne suka zama manyan masu saye. Tarin Najd wani attajiri ne daga yankin ya haɗa shi a shekarun 1980 ta hannun wani dillalin Landan. Ƙasar Ƙatar ta tara irin waɗannan zane-zane masu yawa, haka ma attajirin Masar Shafik Gabr. A Turkiyya, zanen mai horar da kunkuru na Osman Hamdi Bey ya tashi a kan kimanin dala miliyan 3 da rabi a shekarar 2004, yanzu kuma yana gidan tarihi na Pera a Istanbul. Dalilin da masu sayen kan bayar shi ne, ko da ginin gaba ɗayansa ƙirƙira ne, ɓangarorinsa na gaske ne, kuma da yawa daga cikin unguwanni da sana'o'i da tufafin da aka zana zamani ya riga ya share su.

Ra'ayin da ya fi dacewa a nan shi ne, ƙirƙirar gini a cikin zane ba laifi ba ce, kuma haja ce halastacciya kamar yadda ƙagaggen labari yake haja a kasuwar littattafai. Matsalar tana farawa ne daga lokacin da aka ɓoye wa mai saye cewa ƙirƙira ce. Duk ɗan kasuwar da ya zauna gaban malami ya san hukuncin ɓoye aibin haja da kuma sayar da abu da sifar da ba tasa ba. Wanda ya zana masallaci daga tunaninsa ya rubuta a bayan ƙyallen cewa daga tunani ne, ya yi ciniki mai tsabta. Wanda kuwa ya yi irin wannan zane ya laƙaba masa sunan wani sanannen masallaci na Timbuktu ko Kurɗuba domin farashi ya ɗaga, ya yi algus, ko da aikin ya fi na kowa kyau.

Ɓarnar ba ta tsaya ga aljihun mai saye ba. Zane yakan daɗe fiye da ginin laka, kuma idan ginin ya rushe, zanen ne ke zama shaida. Ƙasar Hausa ta san wannan. Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a shekarar 1851, ya yi 'yan zane-zanen gaggawa a littafinsa na tafiya, amma hotunan da aka buga a cikin littattafansa na shekarun 1857 da 1858, ciki har da na birnin Kano daga kan Dala, wani mai zane ne, Johann Martin Bernatz, ya kammala su a Jamus, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Har yau ana buga waɗannan hotuna a littattafan tarihi kamar da ido aka gani aka zana. Tsohon masallacin Juma'a na Kano na ƙasa an sauke shi an gina na zamani a farkon shekarun 1950. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, an lulluɓe abin da ya rage daga gare shi da sabon gini a shekarun 1970. Idan mai zane ya ƙirƙiro wani abu yau ya kira shi tsohon masallacin Kano, bayan shekaru hamsin za a sami ɗalibin da zai kafa hujja da shi.

Da wannan sharaɗi na faɗin gaskiya, akwai kasuwa a Najeriya wadda ba a taɓa ta sosai ba. Zanen gine-gine yana da wata fa'ida da sauran zane-zane ba su da ita a gidajen Musulmi, domin saɓanin malamai ya fi ƙarfi ne a kan surar abu mai rai, yayin da akasarinsu ba su ga laifin zanen gini ko itace ko sararin sama ba. Shi ya sa da wuya a shiga falon wani alhaji ba a ga hoton Ka'aba ko na Masallacin Madina a bango ba. Sha'awar tana nan tun tuni, sai dai kusan dukkan kuɗin da ake kashewa wajen biyan ta yana tafiya ne ga masu buga hotuna a ƙasashen waje. Otal-otal na Abuja da Legas da Fatakwal, da ofisoshin bankuna, musamman waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, da zaurukan taro na kamfanoni, duka suna da bangaye masu neman abin ratayawa. Gwanaye kuma ba a rasa su ba, tunda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ya gaji makarantar da ta fitar da ƙungiyar masu zane ta Zariya a shekarar 1958, kuma yana yaye ɗalibai kowace shekara. Cewa zanen ɗan Najeriya yana iya kai farashin duniya ba abin musu ba ne tun daga watan Fabrairu na shekarar 2018, lokacin da aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1 da dubu 205 a Landan.

Abin takaicin shi ne, idan matashin mai zane ya zauna zai ƙirƙiro gini na Musulunci, hannunsa yakan tafi kai tsaye ga ƙubbar Turkiyya da hasumiyar Dubai da farin marmara na Taj Mahal. A wannan fage yana gasa ne da dubban masu zane na duniya waɗanda suka fi shi kayan aiki da kusanci da masu saye. Alhali a bayan gidansu akwai abin da babu mai shi sai shi: bakan gizo da ɗaurin guga na rufin soro, zanko a kusurwar gini, azara da aka jera ta yi ado, zanen dagi a fuskar gida, hasumiyar Gobarau ta Katsina, da ta Agadas mai tsawon mita 27 wadda itatuwa suka fito daga jikinta. Mai zanen da ya tambayi kansa yadda masallaci zai kasance da a ce Babban Gwani ya sami damar ninka aikinsa na Zariya sau uku, ya zauna ya zana amsar da ilimin yadda baka ke ɗaukar nauyin rufi, ya kawo hajar da dillalin Landan ba zai same ta a wani wuri ba. A kasuwar zane, rashin samun irin abu a wani wuri shi ne rabin farashinsa.

Wannan sharaɗi na ilimi yana da muhimmanci. Ginin ƙirƙira ma yana da dokoki. Mai saye Musulmi zai lura idan aka sa mumbari a inda bai dace ba, ko aka juya sahu ya saɓa wa alƙibla, ko aka cika bango da wasu lanƙwashe-lanƙwashe masu kama da Larabci waɗanda ba sa karantuwa, kuskuren da Turawan ƙarni na 19 suka sha yi. Ayar Alƙur'ani kuwa idan za a sa ta, tilas a rubuta ta daidai, a kuma yi tunanin inda zanen zai ƙare, domin ba kowane bango ne ya dace da ita ba. Osman Hamdi Bey da kansa ya yi wani zane a shekarar 1901 na wata mace zaune a gaban mihrabi da littattafai a zube a ƙasa, wanda har yanzu ake cece-kuce a kansa a Turkiyya. Wanda yake neman kasuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba ya buƙatar irin wannan suna.

Sai batun tsadar aikin, wanda masu saye ba su cika fahimta ba. Fentin mai na zane garin launi ne da aka kwaɓa da man wani iri, kuma ba ya bushewa kamar fentin ruwa. Iska ce ke shigarsa a hankali har ya daskare, don haka kowane shafi yana cin kwanaki, mai kauri ma makonni. Ana fara aikin ne da ɗaure ƙyalle a jikin katako a shafe shi da farin share fage, a ja layukan ginin da ma'auni domin nesa da kusa su fito daidai, sannan a bi da fenti shafi bisa shafi, na ƙasa mai ƙarancin mai, na sama mai yawansa. Idan aka saɓa wannan tsari, saman yakan riga ƙasan bushewa, bayan 'yan shekaru zanen ya tsattsage. Ruwan sheƙin da ake shafawa a ƙarshe domin kariya, bisa ƙa'ida sai an jira wata shida zuwa shekara guda. Zanen gini ya fi na sarari ko na daji cin lokaci, saboda bango guda na iya ɗauke da ɗaruruwan ƙananan siffofi waɗanda dole su yi daidai da juna. Ga ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen fenti a Arewa, ga laimar Legas da ke sa ƙyalle ya yi fumfuna.

Kusan dukkan fenti mai inganci da buroshi na ƙwarai daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da Naira 1,500 a farkon shekarar 2024, kuma kayan zane sun bi ta. Sakamakon haka wasu masu zane suka koma ga fentin bango da ƙyallen da bai dace ba, abin da ke rage musu kashe kuɗi a yau amma ya bar mai saye da zanen da zai koɗe kafin 'ya'yansa su girma. Ɗan kasuwar da zai ba da aikin zane ya kamata ya tambayi irin fentin da za a yi amfani da shi kamar yadda yake tambayar irin simintin da za a zuba masa a gini, ya kuma ba da kafin alƙalami wanda zai isa a sayi kayan kirki.

A wajen sayarwa ne aka fi yin asara. Gidajen baje kolin zane sukan ɗauki kaso mai yawa, a wurare da dama har rabin farashi, kuma suna da hujja, domin su ke biyan haya da talla da neman masu saye. Manyan kamfanonin gwanjo na duniya suna ɗora wa mai saye la'adar da ta haura rubu'in farashi a matakin farko, ban da abin da suke cira daga mai sayarwa. A cikin gida, kamfanin Arthouse Contemporary ya fara gwanjon zane a Legas a shekarar 2008, sannan aka buɗe kasuwar baje kolin Art X Lagos a shekarar 2016. Duk wannan harka a Legas ta tattara. Mai zanen da ke Zariya ko Kano ko Jos wanda ba shi da wanda ya sani a can, ƙarshensa yakan jingina aikinsa a harabar otal ko bakin titi, inda ake taya zanen wata uku kamar ana taya tabarma. Attajiran Arewa da ke da rumbuna da shaguna a Legas da Abuja su ne suka fi kowa damar cike wannan giɓi, kuma dillanci sana'a ce da Bahaushe ya gada. Wanda ya iya haɗa makiyayi da mahauci ya ci la'ada, ba zai kasa haɗa mai zane da mai otal ba.

Abin da ke raba zanen Naira dubu hamsin da na miliyan biyar sau da yawa takarda ce. Zanen mai wasa da maciji an san kowane hannu da ya ratsa tun daga ɗakin Gérôme har zuwa gidan tarihi na Clark da ke jihar Massachusetts inda yake yanzu, kuma da wannan silsila ake tabbatar da sahihancin zane, kusan kamar yadda ake tantance ruwaya da isnadi. Kowane zane da ya fita daga hannun mai shi ya kamata ya tafi da takarda mai ɗauke da sunansa, da shekarar aiki, da girman ƙyalle, da irin fenti, da hoton zanen, da bayani a fili cewa ginin ƙirƙira ne tare da ambaton gine-ginen da aka ɗebo ɓangarorinsa daga gare su. Wannan bayani na ƙarshe ba ya rage farashi. Mai saye mai ilimi ya fi son a ce masa rufin daga Zariya aka aro shi, hasumiyar daga Agadas, domin ya sami abin faɗa wa baƙinsa. Wanda zai fitar da zane waje kuma ya tuna cewa dokar shekarar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, don haka akan nemi shaidar hukumar cewa aikin na zamani ne kafin jami'an kwastan su bar shi ya wuce.

Wannan takarda ta ƙara zama tilas saboda gasar da ta taso. Tun daga shekarar 1989 ƙauyen Dafen da ke gefen birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya zama masana'antar kwaikwayon zanen fentin mai, inda ma'aikata ke fitar da kwafi da yawa a farashi mai rahusa. A 'yan shekarun nan kuma kwamfuta ta iya ƙirƙiro hoton masallaci mai ƙubba goma cikin daƙiƙa kaɗan, a buga shi a kan ƙyalle, a bi shi da 'yan shafe-shafen fenti a sama, a sayar da sunan aikin hannu. Babu mai zanen Najeriya da zai iya karya farashin waɗannan. Abin da zai iya sayarwa wanda su ba su da shi shi ne sunansa da shaidar cewa hannunsa ne ya yi, shi ya sa masu wayo suke ajiye zanen share fage da hotunan matakan aiki su miƙa wa mai saye tare da zanen.

Akwai masu cewa maganar zane a lokacin da buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci maganar ƙoshi ce. Gaskiya ne cewa wannan ba harkar mai ƙaramin jari ba ce, kuma bai kamata kowa ya sayar da gona ya sayi zane ba. Zane ba ya haihuwa kamar saniya, ba ya kawo kuɗin haya kamar gida, kuma ranar da mai shi ya matsu ba lalle ya sami mai saye a makon ba. Labarin dala 19,500 da ta koma 500 ya isa gargaɗi. Amma masu hannu da shuni suna kashe kuɗin adon bango ko an yi sharhi ko ba a yi ba. Tambayar ita ce ko kuɗin zai tafi Shenzhen da Dubai, ko kuwa zai tsaya a hannun mai zane da kafintan da ke yin firam da dillali da direban da zai kai kaya.

Saura batun haƙƙin mai zane bayan ciniki na farko. Faransa ta kafa dokar da ke bai wa mai zane wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa tun a shekarar 1920, Ingila ta bi sahu a shekarar 2006. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta shekarar 1988 ta amince da irin wannan haƙƙi, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a shekarar 2023 ba ta soke shi ba. Sai dai haƙƙin da ba a san hannun da zane ya koma ba, ba shi da yadda za a karɓe shi. Hukumar kula da haƙƙin mallaka da hukumar adana zane-zane ta ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1993, suna da hurumin buɗe rajistar da mai zane zai shigar da aikinsa da lamba, dillali kuma ya sanar idan ya sake sayarwa. Kafin hukumomin su motsa, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu na Kano da Kaduna suna iya ware rumfa ga masu zane a kasuwannin baje kolinsu na shekara-shekara, da sharaɗin cewa duk zanen da za a rataya sai ya zo da takardarsa.